Shidar Ilu

Shekara biyu ina kiran sunansa da tsumagiya a hannu.
Ilu, taso. Ga alli, ga allo.
Sai ya taso kamar mai tsallake rijiya,
ya rubuta shida, ta kife ta zama tara,
sha biyu ta juya baya ta koma ashirin da ɗaya,
aji ya fashe da dariya,
ni kuma in ce: miƙo hannu.

A rajista, gefen sunansa,
na taɓa rubuta kalma ɗaya da jan biro.
Ba zan maimaita ta nan ba.

Ran wata Asabar babur ɗina ya mutu
a hanyar fadama, gabas da Ringim.
Ina turawa, gumi har cikin takalmi,
sai na ji muryar da ban taɓa jin ta ɗaga ba:
"Baba, kashe injin! Iska ce a tiyo.
Sai an ɗura masa ruwa zai ja,
iska ba ta riƙe hannun ruwa."

Na laɓe bayan darbejiya.
Fangalin albasa ashirin da huɗu,
mai bai cika galan ba, rana ta karkata.
Ya ɗaga galan, ya jijjiga kusa da kunne,
ya ce: "Zai kai sha takwas.
Shidan can na bakin kwari suna da laima,
su kwana sai gobe."
Ba alli. Ko yatsa bai lanƙwasa ba.
Injin ya yi tari ya ɗauke
daidai kan na sha takwas.

Ni da takardar shaidar malanta a akwati,
ga ni tsaye riƙe da mataccen babur.

Litinin ban zo da tsumagiya ba.
Na zo da ƙwallayen dabino a gwangwanin madara,
da karan dawa ɗaure goma-goma,
da faranti cike da yashin kogi.
Na ce: Ilu, bar allo, sa yatsa a nan.
Shida tulu ce a zaune, cikinta a ƙasa.
Tara tulu ce a ka, an dawo daga rafi.
Ya zana, ya share, ya zana.
Yashi ba ya dariya.

Wata malama da ta zo bita daga Dutse
ta ce abin yana da suna a littattafai.
Ba lalaci ba ne,
ba sammu ba, yadda kakarsa Hansai ke zargi.
Wasu kawunan, in ji ta,
ta wata ƙofa lissafi ke shigar musu.
A ƙara masa lokaci, a karanta masa tambaya da baki.
Hedimasta ya ce: yara tamanin da bakwai a aji guda, Malam,
wa zai ƙara wa wa lokaci?
Bai yi ƙarya ba.
Sai muka ara daga bayan la'asar,
gindin tsamiya, awaki na wucewa ta kan darasinmu.

Ranar darasin iska da ruwa, shi na ba wa aji.
Ya kawo guntun tiyo da bokiti biyu,
ya toshe baki da babban yatsa, ya saki,
ruwa ya hau ya gangaro da kansa.
Masu dariyar nan suka taso suna leƙe.
Sahura ta ce a bar ta ta gwada,
ya ce: "Ba haka ba, kawo hannunki."

Jarrabawar zango ya ci arba'in da ɗaya.
Ba wanda ya yanka kaza.
A tambaya ta bakwai shidar ta sake kifewa,
na ga inda ya goge har takarda ta huje,
sannan can gefe, ƙanƙane,
ya zana tulu a zaune
don ya tuna.

Rajistar tana nan cikin kabad.
Jan biro ba ya goguwa.
Na gwada.